Mu ware shara tun daga gida ko mu bar wa 'yan jari bola su tona?

Maman 'Yan Biyu: Slm jama'ar layi barkanmu da warhaka. Ina da shawara dan Allah a duba min. Damina ta matso kuma kowa ya san halin da kwatar layin nan take shiga, ruwa ɗaya za a yi ta toshe da leda da robar lemo ruwa ya dawo mana cikin gidaje. Me zai hana kowane gida ya riƙa ware shararsa tun daga ciki, roba daban, gwangwani da ƙarfe daban, kwali daban, ragowar abinci da toka daban, in Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo da ake tsaftar muhalli sai a haɗa a kai wa masu saye su auna. Kayan nan fa dama ana sayensu a Kano, mu ne muke cakuɗa su da ruɓaɓɓen abinci sannan yaro ya je bola ya sa hannu ya tono.

Alhaji na Bakin Masallaci: Wa alaikumus salam. Hajiya niyyarki mai kyau ce amma ni ban goyi baya ba. Duk abin da zai jawo 'yan gwangwan su saba da layin nan bana so. Su ne suke koya wa yara ɗauke-ɗauke, yau cokali gobe murfin tukunya jibi kan famfo, har wayar wuta da murfin kwata ba su tsira ba. Ba ni kaɗai nake faɗa ba, a Abuja an hana su yawo cikin gari a watan Janairun 2025 har aka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci, Borno ma gwamna ya hana jari bola a 2023.

Mai Sikeli: Alhaji ranka ya daɗe, ni wannan ce sana'ata da ita nake ci da iyali, kuma ba zan ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, akwai su. Amma ka duba maganar Hajiya da kyau, ai ita ce ma maganin abin da kake tsoro. Yaro yana samun ƙofar sata ne saboda an saba shi ne mai kai kaya, ya zo da gwangwani goma ya saka cokali biyu a ciki waye zai tambaye shi. In babba ne ya kawo buhunsa da kansa rana ɗaya a wata, ko aka tara a wuri ɗaya kowa yana gani, to duk yaron da aka gani da ƙarfe a hannu ranar Talata an san ba aikensa aka yi ba. Ni dama bana sayen komai a hannun ƙaramin yaro sai na ga babbansa.

Alhaji na Bakin Masallaci: Kai ɗin na yarda da kai Malam don na san ka. Masu kura da suke bi lungu-lungu suna ba yara alawa fa?

Mai Sikeli: Su ma in suka zo sau biyu sau uku ba su samu komai ba za su daina shigowa Alhaji, ba wanda yake tura kura a banza.

Ƴar Haya: Ni tambayata ta wuri ce. Ɗaki ɗaya da falo muke, tsakar gidan mu huɗu muke rabawa, ina zan jera buhu biyar? Ga ɓera ga kyankyaso. Gsky masu manyan gidaje ne za su iya wannan.

Malamin Kimiyya: Ƙanwata ba sai buhu biyar ba. Biyu sun isa, jiƙaƙƙe da busasshe, nan ne duk maganar take. Abin da yake kiran ɓera da wari shi ne ragowar abinci, bawon albasa, ruwan miya, shi wannan a bokiti mai murfi a fitar da shi kullum. Busasshe kuwa roba, gwangwani, kwali, in an ɗauraye an bari ya sha iska zai yi wata a buhu a rataye a bango ba abin da zai zo masa. Ranar kaiwa sai a zazzage a ware, ko mai saye ya ware da kansa tunda ba ƙazanta a jiki. Abin da yake kashe darajar kaya shi ne cakuɗawa, kwalin da manja ko ruwan kifi ya jiƙa ya tashi daga aiki, ba kamfanin da zai karɓa.

Ƴar Haya: Ɗaurayewar da wane ruwa Malam, jarkar 'yan garuwa nawa take yanzu

Maman 'Yan Biyu: Da ruwan ɗaurayar wanke-wanke na ƙarshe mana, wanda dama zubarwa za ki yi. Gwangwanin tumatir ko na madara ki jefa ciki ki girgiza ki kife shi, shikenan.

Mai Sikeli: Bari in yi muku bayanin yadda muke gani a wajenmu don kar a sha wahalar banza. Mafi tsada jan ƙarfe, irin na cikin waya da kwayil ɗin fanka ko injin da ya ƙone. Sai tagulla, su tsohon kan famfo. Sai alminiyon, gwangwanin lemo da maltina, tsohuwar tukunya, fasasshen faranti. Sannan baƙin ƙarfe, shi nauyi ne yake ceton sa. Roba da kwali su ne a ƙasa, sai sun taru da yawa. Farashi kuma yana hawa yana sauka kusan kowane sati don haka ba zan rubuta kuɗi a nan ba gobe a ce na yi ƙarya. In kina so ki gane alminiyon ki samu maganaɗisu ko na tsohuwar sifika, gwangwanin madara da na tumatir zai kama, na lemo ba zai kama ba. Kar ki bari a haɗa miki su a sikeli ɗaya a biya ki kuɗin baƙin ƙarfe, nan ne ake cutar mata da yawa. Alminiyon ɗin nan maƙera ne suke narkawa su zuba tukwane da ludayi da murhu, ƙarfe kuma a loda a tirela a kai kamfanonin da suke narka shi su yi rodi.

Ɗan Autan Layi: To robar fa ina take zuwa, ni na ɗauka duk ƙonawa ake

Mai Sikeli: Ina, ai nan Kano ma ake aikinta. Masu injin niƙa su saya su ware kala-kala su niƙa su wanke su shanya, sai kamfanonin roba na su Sharaɗa da Challawa da Bompai su saya. Buta da bokiti da baho da silifa da kake gani jibge a Ƙofar Wambai da yawansu daga tsohuwar roba aka yi su.

Malamin Kimiyya: In ƙara a kan na Malam. Ku juya gindin roba za ku ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce robar ruwa da ta lemo, mai haske garau. Lamba 2 su jarka da robar man shafawa masu kauri. Lamba 5 su bokiti, kujerar roba, kofi, robar ajiye abinci. Ledar fiya wata dangin lamba 4 da 2 ce, ana sayenta ita ma in ta bushe kuma ba yashi a ciki. Lamba 3 ita ce ta bututun ruwa, lamba 6 kuma farin soson nan na tekawe. Dalilin da ya sa ba a haɗa su shi ne kowacce da zafin da take narkewa, in aka cakuɗa abin da za a ƙera ba zai yi ƙwari ba. Ko murfin robar lemo ba irin jikinta ba ne, in aka niƙa aka zuba a ruwa murfin yana tasowa sama jikin yana nutsewa, da haka masu wanki suke raba su. Jikin kuma yawanci zare ake mayar da shi, irin audugar roba da ake cusa wa filo.

Maman Zoɓo: Dan Allah kafin kowa ya fara takawa yana lotsa robar lemo ku tuna da mu. Mu masu zoɓo da kunun aya saye muke da ƙirge ba da kilo ba, kuma ya fi muku riba. Mai kyau da murfinta a ajiye mana, wadda ta lotse ko ta fashe ita za a taka a sa a buhu.

Anti Nas: Maman Zoɓo na ji daɗi da kika yi magana don abin nan yana damuna. Robar da aka tsinto a bola ko a kwata ba wanda ya san me aka zuba a cikinta, wani fetur, wani maganin ƙwari, wani ma fitsarin mara lafiya aka kai gwaji da ita, sai a ɗauraye sama-sama a zuba kunu yara su sha. In daga gida ta fito kai tsaye an san ruwa ko lemo ne kawai ya zauna a ciki. Wannan kaɗai ya isa in goyi bayan shawarar nan. Amma akwai kayan da nake roƙo kar su shiga kowane buhu. Allura da sirinji da reza da fasasshiyar kwalba a samu jarka mai kauri a riƙa jefawa a ciki a toshe bakin, don mai tona shara hannu yake sawa ba safar hannu, yaran nan da yawa ko takalmin kirki babu. Kwalbar magani da kwalinsa a ɓare takardar a yaga kafin a yar, masu jabun magani da jabun man shafawa irin waɗannan suke nema. Jarkar maganin feshi na gona kuwa ko an wanke sau nawa kar a zuba ruwan sha ko man girki a ciki, a huda ta ma don kar wani ya ɗauka.

Maman Zoɓo: Wlh Anti ni da ruwan zafi da omo nake wankewa har da buroshi, amma na yarda ta gida ta fi kwanciyar hankali.

Hajiya Babba: Ƴaƴana ina ta karantawa, jikata ce take rubuta min. Wannan abu da kuke ta shawara a kai mu da shi muka tashi, ba a kiransa komai, tattali ne kawai. Ƙanzo da ragowar tuwo a shanya a sayar wa masu kiwo ko a ba akuyar gida. Dusa ta kaji da tumaki. Toka a yi wanke-wanke da ita, saura ta tafi gona. Gwangwanin madara a yi alala a ciki ko a kai wa maƙeri ya yi fitilar aci-balbal. Tsumma a yi matashi ko gammo, tsohuwar taya a yanka takalmi, tib ɗin mota a ɗinka guga. Cefane a kwando ko ƙwarya ake zuwa da shi, mai ƙosai a ganye ko takarda take sa miki. Da rani manoman karkara suna shigowa birni da jakuna, su kawo itace da kara su koma da mangala cike da takin bola, har roƙo suke a bar musu. Shara ba ta zama masifa ba sai da leda ta shigo, yanzu ko barkonon naira ashirin ne sai an ƙulla a leda an sake sakawa a wata ledar.

Na Gona: Allah ya ƙara girma Hajiya, gaskiya kika faɗa. Har yau muna sayen takin bola, da tifa ma ake kai mana tunda buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, amma in aka juye sai ka ga rabi leda ce da famfas da kwalba da batir. Sai ka sa yara sun tsince kafin a baza kuma ba ta tsintuwa duka. Leda in ta shige ƙasa ba ta ruɓewa, ta tare ruwa ta tare saiwa, shekara ta zagayo garma ta sake tono ta yadda take. Dabba kuma ta ci, ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin saniya da akuya, dabba tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba. Ni in layin nan za ku tara min zallar ragowar abinci da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida ba leda, da kaina zan zo in kwashe ba sai kun biya mai kura ba.

Ɗan Autan Layi: Ni fa duk na ji amma a ganina ana ɗora wa talaka aikin da ba nasa ba. Akwai REMASAB, hukuma ce guda da aka kafa don kwashe shara a Kano. Kamfanonin da suke cika gari da leda da roba suna cin riba su ya kamata a matsa wa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya 2017, Legas ta hana soson tekawe a farkon 2024. Mu kuma sai a ce uwa ta zauna tana wanke gwangwani

Amaryar Maraɗi: Ƙanena mu nan Nijar an yi dokar hana leda tun 2014, amma ka zo kassuwa ka gani, ka dubi itatuwan bakin gari yadda baƙar leda ta maƙale musu. Doka in ba a ba mutane abin da za su riƙa a madadi ba, kuma su kansu ba su ɗauki abin da zahi ba, takarda ce kawai. Ina bin maganar ku don in gwada ma maƙwabtana nan.

Ɗan Autan Layi: To Anti ai rashin aiwatarwa ne matsalar ba dokar ba

Malamin Kimiyya: Auta maganarka tana da tushe, kar ka sake ta. A tsarin NESREA ma, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, akwai cewa kamfani yana da alhakin bin sawun robar da ya fitar har bayan an yi amfani da ita, kuma ya kamata a riƙa tambayar su. Inda na saɓa da kai shi ne, ko motar shara tana zuwa ƙofar kowa kullum, in a cakuɗe ta kwasa bola za ta kai ta juye, ba wanda zai iya raba kwali da miya bayan sun haɗu. Rabuwar a hannun wanda ya yar take, a daƙiƙar da zai yar ɗin. Ƙasashen da kake misali da su ma a gida ake fara warewa. Kuma ruwan da zai shigo ɗaki a watan Agusta ɗakinmu zai shigo.

Anti Nas: Malam ka yi maganar ƙonawa dan Allah, don ita ce ta fi yawa a layin nan da magariba, da masu hura gawayi da leda.

Malamin Kimiyya: Ita ce mafi muni Anti. Hayaƙin roba, musamman ta bututu da bawon waya, yana ɗauke da guba mai zama a jiki, ga masu asma ga jarirai. Masu ƙona waya don su ciro jan ƙarfe kansu suke fara cutarwa, a feɗe ta da wuƙa ya fi. Sai batir. Na mota da na babur da wasu na sola dalma ce a ciki da ruwan asid, kar a fasa a gida kar a zubar da ruwan a ƙasa, a kai shi yadda yake wajen masu karɓar tsoho su ba da sabo. Kowa ya tuna abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, can daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito amma dalmar dai ita ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa don su ne masu wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Batirin waya da na fawa bank in ya kumbura kar a huda kar a jefa a wuta, yana kamawa. Dogon ƙwan fitila fari da mai murɗe ɗin nan akwai zaiba a ciki, a naɗe a ajiye gefe kar yara su fasa.

Liman Ƙarami: Jazakumullahu khairan. Tunatarwa ɗaya a kan takardu, kafin a haɗa tsofaffin littattafan yara a ba mai ƙosai ko mai tsire ko a auna, a duba a cire duk mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, na Islamiyya da kalanda da katin ɗaurin aure. Waɗannan a kawo masallaci muna da inda muke tarawa.

Alhaji na Bakin Masallaci: To na sassauto amma da sharaɗi. Ba yaro a harkar, ba mai kura da zai shigo, kuma mutum ɗaya za a sani wanda in wani abu ya ɓata a layi za a iya zuwa rumfarsa a duba. Sannan kuɗin a zuba a asusu ɗaya a riƙa biyan masu yashe kwata.

Ƴar Haya: A'a Alhaji da girmanka, nan kam ban yarda ba. Mace ce za ta ɗauraye ta shanya ta adana wata guda a ɗan wurin da take da shi, sannan kuɗin ya tafi asusu? Ko na omo ne a bar mata abinta, in ba haka ba wata biyu kowa zai watsar.

Maman 'Yan Biyu: Ina bayanki. Kowa ya riƙe na ƙarfensa da alminiyon da robar zoɓo. Ledar fiya wata da kwali su ne na gida ɗaya ba ya kai komai a sikeli, su sai a haɗa na layi gaba ɗaya kuɗin ya shiga asusun kwata. Alhaji hakan ya yi?

Alhaji na Bakin Masallaci: Ba zai isa yashe kwata ba amma a fara a gani.

Maman Jariri: Ni ba wanda ya taɓo tawa, famfas fa? Ba mai saye, ba ya ruɓewa, Na Gona ba ya so, ƙonawa an ce guba. Ya zan yi da shi?

Anti Nas: Shi kam ba shi da mai karɓa a nan ƙanwata. Ki juye kashin a masai, ki naɗe ki ƙulle a leda daban ya tafi wurin zuba shara na hukuma, kar ya shiga kwata kar ya shiga na taki. In kina gida da rana ki gwada nafkin na wanki ki bar famfas sai dare da fita unguwa, zai rage yawa ya rage kuɗi.

Admin: To ga inda aka tsaya. Asabar ɗin ƙarshen watan nan bayan an saki hanya ƙarfe 10, a filin gefen gidan Hajiya Babba tunda ta ba da izini. Mai Sikeli zai zo da sikelinsa, Maman Zoɓo za ta ƙirgi nata, allura da reza a miƙa wa Anti Nas a jarka a toshe. Na Gona kai ba za ka jira wata ba ko?

Na Gona: Wata ya yi nisa zai yi wari. A samo min rabin duro biyu masu murfi a ajiye bayan masallaci, duk Litinin da Alhamis zan turo amalanke.

Liman Ƙarami: Bayan masallaci akwai masu alwala Malam, a duba wani wurin.

Alhaji na Bakin Masallaci: A kai kangon da ke jikin garejina, ba kowa a wajen. Duro ɗaya ina da shi, a nemo ɗayan.